Malam mai wutsiyar tsattsewa

Kwana uku da saukata a Norwich, ɗan yayata da ke karatun kimiyyar muhalli a Jami'ar East Anglia ya ce in kwanta da wuri, gobe za mu je kallon malam-buɗe-littafi. Na dube shi sama da ƙasa. Na baro Kano, na kwana a sararin sama, na sha tambayoyi a filin jirgin Landan, na ƙara da jirgin ƙasa na kusan awa biyu, wai duk don a kai ni in ga abin da yara ke bi da gudu a bayan gidanmu da damina?

"Kawu, wannan daban ne," in ji shi. "Duk faɗin Birtaniya nan kaɗai yake da gida. In watan nan ya wuce kuma, da wuya a gan shi sai baɗi."

Kwanciya da wurin ma faɗa ce kawai. A tsakiyar Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai tara ta gota, ka yi isha'i kana hamma, kafin ka juya sau biyu a kan gado asuba ta yi. Haka na tashi da jajayen idanu muka nufi tasha.

Daga Norwich, wanda 'yan garin ke furtawa kamar "Norij" su haɗiye sauran haruffan, minti goma ne a jirgin ƙasa zuwa Brundall. Daga nan sai ƙafa, tafiyar fiye da rabin awa ta wata siririyar hanya tsakanin gonaki, har zuwa Strumpshaw Fen, wata fadama a gefen kogin Yare da ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ke kula da ita. Mashigar tana bayan layin dogo. Sai ka tsaya, ka duba gabas da yamma, ka buɗe 'yar ƙofa da hannunka, sannan ka tsallaka.

Mutane na fara gani. Sun kai ashirin, mafi yawansu furfura ta gama da kansu, kowa rataye da kyamara mai dogon baki kamar kakaki. Sun yi cirko-cirko a gaban wani ɗan lambun furanni, ba mai magana sai da raɗa, kai ka ce fitowar sarki ake jira. Wata tsohuwa ta gaya mana tun da duhu ta baro garinsu a arewacin Ingila, kuma wannan ne zuwanta na uku, biyun farko ruwa ne ya kore ta. A raina na ce, lallai sai ciki ya cika ake samun sukunin irin wannan. Har yau ban janye maganar duka ba, amma na rage mata gishiri.

Shi wannan malamin ba ya fita sai rana ta buɗe. In hadari ya rufe, ko iska ta yi ƙarfi, sai ya lafe cikin ciyawa ya yi lamo. Rana kuwa a Ingila baƙuwa ce, takan leƙo ta gaisa ta wuce. Mun fi awa ɗaya da rabi a tsaye, ƙafata ta yi sanyi, na fara lissafin kuɗin tikiti da naira.

Wajen sha ɗaya gajimare ya tsage. Ban ga ta inda ya ɓullo ba, ƙarar kyamarori kawai na ji ta tashi lokaci guda kamar fara ta sauka a gonar gero. Da na bi inda bakunansu suka nufa, ga shi nan a kan wani jan fure. In ya ware fikafikai ya kusa santimita 9, babu malam-buɗe-littafin da ya kai shi girma cikin 'yan asalin tsibirin. Rawaya ne mai haske kamar man shanu, an ja masa baƙaƙen layuka an yi masa gidaje-gidaje. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne allon zayyana na ranar sauka. A gefen fikafikan baya akwai ziri na shuɗi kamar an barbaɗa shuni, da jan ɗigo guda a kowane ɓangare mai kama da ido, sai wasu siraran wutsiyoyi biyu irin na tsattsewa, waɗanda su suka ba dukan danginsa suna a bakin Turawa. Ba ya zama daram a kan fure. Yana sha yana kaɗa fikafikai, kamar mai tsoron kada furen ya karye da shi. Bai yi minti biyu ba ya tashi, tashi mai ƙarfi irin na tsuntsu, ya haye saman ciyawa ya ɓace. Tsohuwar nan ta sauke kyamara tana share ido.

Wutsiyar da jan idon ba kwalliya kawai ba ne. Masu nazarin ƙwari suna ganin yaudara ce: tsuntsu ya kawo sara, ya ɗauka can ne kai, ya tashi da guntun fiffike a baki, mai abin ya tsira. Shi ya sa in kakarsu ta yi nisa ake yawan ganin masu gutsurarriyar wutsiya suna harkarsu.

Linnaeus, masanin nan na Suwidin da ya tsara wa halittu sunaye, shi ya raɗa wa jinsin Papilio machaon a 1758, da sunan wani likita na tatsuniyoyin Girkawa. Jinsin kansa ba abin nema ba ne, yana nan birjik daga Faransa har Jafan, har arewacin Amurka. Reshen Ingila ne, wanda aka ƙara wa britannicus, ya zama abin lallaɓawa. Ya ɗan fi 'yan'uwansa na ƙetaren teku duhu, baƙaƙen layukansa sun fi faɗi, amma babban bambancin yana wajen ci. Na Faransa ba ya zaɓe. Macensa takan zuba ƙwai a kan karas, a kan ganyayen ƙamshi na lambu, a kan duk wani ɗan dangin karas da ta samu a bakin hanya ko a kan tudu, kuma mayawaci ne, har yakan tsallako teku ya sauka a kudancin Ingila in bazara ta yi kyau. Na nan yankin Norfolk kuwa ya ɗaure kansa da tsiro ɗaya tak, kuma ba ya nisa da inda tsiron yake.

Muna da ɗan'uwansu a gida. Duk wanda ya taso a gidan da ke da bishiyar lemon tsami ya san baƙin malam ɗin nan mai ɗigo-ɗigon rawaya da ke zagaya ta, Papilio demodocus. Dangi ɗaya ne, sai dai namu ba shi da wutsiya ko kaɗan, kuma masu lambun lemo ba sa yi masa kallon abin alfahari, feshi suke nema masa. Nijeriya tana da nau'in malam-buɗe-littafi fiye da dubu, Birtaniya duka-duka ba ta cika sittin ba. Mai 'ya'ya kaɗan shi ke sanin ranar haihuwar kowannensu.

Tsiron da ake magana a kai sunansa Peucedanum palustre. Ni dai karas ɗin fadama na sa masa, don ganyensa tsaga-tsaga ne irin na karas, furensa fari mai kama da lema, in an karya ɗanyensa yakan fitar da farin ruwa kamar nono. Wani dattijo ɗan sa-kai a wurin, mai hular kaba da takalmin roba har gwiwa, shi ya nuna mana shi a gefen gadar katako da aka shimfiɗa cikin fadamar. Ba don shi ba da na wuce shi sau ɗari, ba abin da zai ja ido a jikinsa. Ya ce macen ba kowane tushe take so ba. Takan bi saman fadama ƙasa-ƙasa tana dubawa, sai ta ga wanda ya yi tsawo ya ɗago kai sama da ciyawar da ke kewaye da shi, sannan ta lanƙwasa ciki ta manna ƙwai guda, ta ƙara gaba. Tushen da ciyawa ta shanye, ko da lafiyarsa lau, ba ta kula shi. Ya ɗaga wani ganye da bakin alƙalami, a hankali kamar mai buɗe fuskar jariri, ya nuna mini ƙwan: ɗigo ne rawaya, bai kai ƙwayar gero ba.

Bayan kamar kwana goma tsutsa ke fitowa, baƙa da farin tabo a gadon baya, sak kashin tsuntsu a kan ganye. Nan na yi dariya har dattijon ya juyo, domin wannan dabarar na san ta tun ina yaro, haka ƙananan tsutsotsin bishiyar lemonmu suke. Har da ƙahon. In ka tsokani babbar, sai ta turo wani abu mai reshe biyu daga bayan kanta kamar harshen maciji, ya buso wani wari mai hawa kai. Mu da tsinke muke tsokanarta don mu ga ƙahon. A Norfolk ba mai yin haka, dokar kare namun daji ta 1981 ta hana a kama shi ko a cutar da shi, daga ƙwai har babba. Dattijon ya ce na nan ƙahonsa ruwan lemo ne, warinsa kuma kamar abarba da ta fara lalacewa. Da ɗan yayata ya fassara masa abin da na ce game da tsinke, sai ya yi murmushi ya ce shi ma yana yaro akwai abubuwan da ya yi waɗanda ba zai faɗa a gaban hukuma ba.

Duk da kashin tsuntsun da ƙahon, kaɗan ne ke kai labari. Gizo-gizo yana cin ƙananan, tsuntsayen fadama suna cin manyan. Wadda ta tsira takan yi kamar wata guda tana ci tana saɓa, sannan ta bar tsironta ta nemi karan ciyawa, ta sauka can ƙasa kusa da laka, ta ɗaure ƙugunta da zaren da ta saƙa da bakinta, ta daskare ta zama ƙunshi, wani kore, wani ruwan ƙasa. A haka za ta yi wata tara ko goma, duk tsawon hunturu. In fadamar ta cika ruwa ya rufe ta, tana iya jurewa na ɗan lokaci a nutse. A shekarar da zafi ya yi yawa wasu sukan yi gaggawa su fito a Agusta, amma yawanci sai ƙarshen Mayu. Wato abin da tsohuwar nan ta yi tafiya uku don ta gani, 'yan makonni ne cikin rayuwar da kusan dukanta ake yin ta a ɗaure a jikin kara.

Da farko na ɗauka wurin nan daji ne da Allah ya bari yadda ya halicce shi, mutum bai taɓa ba. Haka yake a ido: ruwa shimfiɗe, doguwar ciyawa mai kama da kyauro iyakar ganinka, shaho yana shawagi a sama. Turawan ma haka suka ɗauka shekaru aru-aru. Tafkunan nan sama da sittin da suke kira Broads, waɗanda koguna irin su Bure da Ant da Thurne da Yare suka ɗinke, har littattafan masana sun rubuta cewa ragowar tsohon ruwa ne. Sai a farkon shekarun 1950 wata masaniyar tsirrai, Joyce Lambert, ta bi su da bututun haƙa tana ciro laka tana aunawa. Ta tarar gefen tafkunan a miƙe yake kamar bango, gindinsu kuma a baje kamar daɓe, har da wasu siraran gaɓoɓi da aka bari a tsakani. Ruwa ba ya yin irin wannan aikin, sai shebur. Da aka koma tsofaffin takardun majami'u da gidajen ibada na yankin, sai ga lissafin nan: tun wajen ƙarni na 12 mutane ke haƙar wata baƙar laka ta ruɓaɓɓen ciyayi, suna yanka ta kamar tubali, su shanya, su kai Norwich a sayar a matsayin makamashi, don itace ya yi ƙaranci. A ƙarni na 14 ruwa ya fi ƙarfinsu, ramukan suka cika, aka watse, aka manta.

Da ɗan yayata ya gama wannan bayani, wata rana muna zaune a bakin kogin Ant a wani wuri mai suna How Hill, na ce masa, "Kai, ashe kududdufi ne!" Duk Bakano ya san yadda ake samun kududdufi: a haƙi ƙasa a yi gini, damina ta zo ta cika ramin, bayan shekaru a ga kamar tun fil'azal yake nan. Bambancin kawai, nasu sun zama wurin shaƙatawa da jiragen ruwa na haya, da hukuma ta musamman da ke kula da su tun 1989, namu kuwa mun cika su da shara, waɗanda suka rage muna cike su muna yanka filaye, sannan mu yi mamakin inda ruwan sama zai bi.

Haƙar ba ita kaɗai ce hannun mutum a wurin ba. Fadama irin wannan, in aka ƙyale ta, ba ta zama fadama. Ciyawa takan mutu ta taru, ƙasa ta ɗago, ƙananan itatuwa masu son ruwa su kafu, cikin 'yan shekaru wurin ya zama kurmi mai duhu, karas ɗin fadama ya shaƙe a inuwa. Abin da ya hana haka ɗaruruwan shekaru shi ne lauje. Mutanen fadama suna yankan kyauron da hunturu, lokacin da ya bushe ganyensa ya zube, su ɗaure dami-dami a sayar wa masu baibaya. Jinkar kyauron Norfolk takan yi shekara hamsin ko fiye, abin da ya sa na tuna shucinmu da ake sabuntawa bayan 'yan damuna na ji kunya kaɗan. Akwai kuma wata ciyawa mai baki kamar zarto, wadda ake yanka da bazara duk bayan shekara uku ko huɗu, ita ake lanƙwasawa a rufe ƙololuwar jinka. Sauran ciyawar a kai wa dabbobi, har dawakan kekunan haya na Landan sun ci daga nan. Duk inda aka yanka, haske ya shiga, karas ɗin fadama ya miƙe ya ɗago kai, macen ta gan shi.

A How Hill akwai wani ɗan gida mai jinka, Toad Hole Cottage, da aka mayar gidan tarihi, inda wani mutumin fadama ya zauna da iyalinsa a zamanin Sarauniya Biktoriya. Ɗakuna ne ƙanana, in ka miƙe kanka ya kusa taɓa rufi. An jera kayan aikinsa, laujuna da mashin kamun kifi da tarkuna. Na daɗe a gaban laujunan. Mutumin da ya riƙe su bai yi don malam-buɗe-littafi ba, wataƙila ma bai taɓa ɗaga kai ya kalle shi ba, abincin 'ya'yansa yake nema cikin ruwan sanyi har gwiwa. Da mota ta kori doki, kwano da tayil suka rage kasuwar jinka, yaƙe-yaƙen duniya biyu suka kwashe samari, sai yankan ya ja baya, kurmi ya cinye fadama mai yawa. Yau masu wannan sana'a 'yan kaɗan ne, mafi yawan kyauron da ake baibaya da shi a Ingila ma daga ƙasashen waje ake shigo da shi. Saboda haka aikin da talaka ke yi don ya ci, yanzu ƙungiyoyi ne ke biyan kuɗi a yi, da injuna masu tafiya a kan laka, da 'yan sa-kai irin dattijon nan da ɗan yayata, waɗanda ke ba da Asabar ɗinsu suna saran itatuwa kyauta. Na tambayi yaron ko a gida ya taɓa riƙe lauje. Ya ce, "Haba Kawu," ya kawar da kai.

In ana son a ga abin da ke faruwa in aka yi sake, sai a dubi yamma, yankin da ake kira Fens, wajen Cambridge. Da can fadama ce mai faɗin gaske, malamin nan yana ko'ina a cikinta. Tun ƙarni na 17 aka shiga janye ruwanta, aka ɗauko injiniya Cornelius Vermuyden ɗan Holan ya yanka magudanai, daga baya injunan tururi suka ƙarasa aikin. A 1851 aka tsotse babban tafkin Whittlesey. Abin da ya rage na asalin fadamar bai kai kashi 1 cikin 100 ba, sauran ya zama gonakin dankali da alkama, mafi albarka a ƙasar. Ba zan yi musu ƙaryar tausayi ba, mutane sun ci abinci daga wannan aiki. Amma baƙar lakar nan in ta bushe motsewa take yi. A Holme akwai wani ginshiƙin ƙarfe da aka kafa a lokacin, kansa daidai da ƙasa, yau ya fito fili wajen mita 4. Wani jan malam-buɗe-littafi na yankin ya ƙare ƙaf a tsakiyar ƙarni na 19. Mai wutsiya ya maƙale a wani ɗan yanki da ya tsira, Wicken Fen, wanda ƙungiyar National Trust ta fara saye tun 1899. Sai dai gonakin da ke kewaye sun nutse sun bar Wicken a sama kamar tsibiri, ruwansa yana tsiyayewa, yankan ciyawa ya ragu, itatuwa suka shigo. A farkon shekarun 1950 aka neme shi aka rasa.

Wani masani, Jack Dempster, ya auna tsofaffin samfuran Wicken da ke ajiye a gidajen tarihi, ya ga bayan wurin ya zama tsibiri ƙirjinsu ya ragu, a ƙirji kuwa naman tashi yake. Mai ƙarfin fiffike ya fita bai sami wata fadamar ba ya mutu a gonar dankali, mai zaman gida shi ya bar baya. A 1975 aka kawo wasu daga Norfolk aka saka a Wicken, aka dasa musu tsironsu. Shekarar da ta biyo aka yi farin 1976, wanda har yau tsofaffin Ingila ke ba da labarinsa, cikin 'yan shekaru suka sake ƙarewa. An ƙara gwadawa a shekarun 1990, bai ɗore ba.

Rigimar ruwa ba ta tsaya a tarihi ba. A Catfield Fen, ɗaya daga cikin wurare mafi kyau da suka rage wa malamin a Norfolk, an yi shekaru ana ja-in-ja kan rijiyoyin burtsatse na ban-ruwan gonaki da ke kusa, har hukumar muhalli ta ƙi sabunta lasisin jan ruwan a 2015, aka ɗaukaka ƙara, hukuncin ya tabbata a shekara ta gaba. Ina jin wannan sai hankalina ya tafi Hadeja da Nguru, inda ambaliyar da ke raya fadama ta canja tun da aka gina madatsar Tiga a shekarun 1970 da ta Challawa a 1992, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa da makiyaya suna ta kuka. Can mutane ne da yawa abin ya shafa, ba ƙwaro ba, amma ban ji an taɓa hana na sama ruwa saboda na ƙasa ba.

Mako na biyu muka je Horsey, inda fadamar ta yi iyaka da teku. Akwai tsohon injin iska na jan ruwa a tsaye a bakin tafki, daga nan ka bi ta makiyaya ka hau wani dogon tudun rairayi. A samansa na tsaya na dubi hannun dama, Tekun Arewa ne, toka-toka, yana tafasa. Na dubi hagu, ƙasa ce shimfiɗe kore shar, da shanu da hasumiyar coci, kuma ko ba a gaya maka ba idonka zai ba ka cewa ba ta fi ruwan tudu ba. A Fabrairun 1938 teku ya fasa nan ya shiga, ruwan gishiri ya kwanta a kan dubban kadada na tsawon watanni. Daren 31 ga Janairun 1953 ya sake fasawa a gaɓar gabas, mutum fiye da 300 suka mutu a Ingila, har da wasu a ƙauyen Sea Palling da ke nan kusa. An yi bangon kankare, an jibge duwatsu, amma teku ƙaruwa yake, kuma ba sai ya fasa ba: duk lokacin da iska ta turo shi, gishiri yakan biyo koguna ya hau can ciki. Ƙunshin da ke ɗaure a kara yana jure ruwan daɗi. Karas ɗin fadama ba ya jure gishiri. Shi ya sa masana suke ta muhawarar a shirya masa wasu fadamu nesa da gaɓa a kai shi, wasu kuma suna tuna musu da Wicken. Akwai ma masu cewa in ɗumi ya ƙaru, na Faransa zai kafu a kudu ya hauro, su gauraya, mai zaɓen abincin ya narke cikin mara zaɓe.

Jibi in tashi, farkon Yuli, yaron ya ce mu je Hickling, mafi girman tafkunan, ko za mu dace da babbar tsutsa. Masu kyamara sun ragu, iyayen sun kusa ƙarewa, guda ɗaya muka gani, fikafikansa sun koɗe, wutsiya ɗaya ta tafi. Amma a gefen hanya, a kan wani tushe da ya fi sauran tsawo, ga ta nan, kaurin ɗan yatsana ƙarami, koriya shar da baƙaƙen zobba da ɗigo-ɗigo ruwan lemo. Ta bar kamar kashin tsuntsu, ta fito fili abinta, tana cin furen daga gefe ba ta ko ɗagowa. Na tsuguna har gwiwata ta jiƙe. Hannuna ya kai ga wani tsinke, na tuna inda nake, na ajiye.

Can cikin kyauro, bai fi taku biyar ba, wani ɗan tsuntsu yana ta zuba surutu ba numfashi, kamar dillaliya ta sami mai saye. Da ya hau kan kara na gan shi: ruwan ƙasa, da farar gira, bai kai gwara girma ba. Yaron ya ce yana cikin masu cin tsutsar nan. Ya ce kuma ba ɗan nan ba ne, haihuwa kawai ke kawo shi. Wajen Agusta zai ci ya yi ƙiba har nauyinsa ya kusa ninkawa, ya tsallake teku da Sahara, ya sauka a fadamun Afirka ta Yamma, daga kogin Sanagal zuwa tafkin Chadi.

"Wato har wajen su Nguru?"

"Har can, Kawu."

Na dubi tsuntsun, na dubi tsutsar, wadda ta gama da reshe ɗaya ta miƙa wuya tana laluben na gaba. Na ce masa ya duba mini ƙarfe nawa motar komawa Norwich take tashi, don ban ɗaure kayana ba.